Taura Biyu a Jami'a: Haɗa Karatun Kimiyya da na Kwamfuta

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar Bakaloriya ya fito a Nijar ko Kamaru ko Chadi, sai gidaje su cika da shawara. Yaron da ya yi nasara a rukunin C ko D, wato ɓangaren lissafi da kimiyya, kowa yana da abin da zai gaya masa: kawu ya ce likita, yaya ya ce injiniya, abokai su ce kwamfuta ce ke tashe yanzu. A kan abu ɗaya kawai masu shawarar suke haɗuwa, shi ne ya zaɓi fanni guda ya riƙe shi gam, domin taura biyu ba ta taunuwa. Shawarar tana da tushe, kuma ta yi wa magabata rana. Sai dai a yau akwai wani rukuni na ɗalibai da bin ta zai tauye, su ne masu son kimiyya har zuci, waɗanda kuma kansu ke ja a lissafi. Abin da ya fi dacewa da irin waɗannan shi ne digirin da ya haɗa fannin kimiyya ɗaya da ilimin kwamfuta, kuma haƙƙi ne a kan jami'o'in wannan yanki su faɗaɗa musu ƙofarsa.

Kafin a shiga muhawara, ya dace a san abin da ake magana a kansa. A jami'o'in da ke bin tsarin LMD, kamar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da takwarorinta na Maraɗi da Damagaram da Tawa, digirin farko shekara uku ne, zango shida, kowane zango yana da nauyin maki 30, jimla 180. Akwai ƙasashen da ake ba ɗalibi takardu biyu a ƙara masa nauyin darussa, amma abin da aka fi sani da digirin haɗaka shi ne a raba wannan adadi tsakanin fannoni biyu. A Jami'ar Ghana da ke Legon, inda digirin farko yake ɗaukar shekara huɗu, ɗalibi yana iya haɗa ilimin kwamfuta da lissafi ko da ƙididdiga. A jami'o'i da dama masu koyarwa da Faransanci kuwa, lissafi da kwamfuta ma sashe ɗaya suke. Ke nan akushin ɗaya ne, tuwon ne aka kasa biyu. Duk darasin kwamfuta da ɗalibi ya ɗauka, akwai wani darasi na kimiyyar halittu ko na sinadarai da ya bari. Wanda ya ce haɗakar ba ta da farashi bai faɗi gaskiya ba. Tambayar ita ce ko abin da ake samu ya kai abin da ake sarayarwa.

Amsar tana cikin yadda ita kanta kimiyyar ta sauya kama. A da, babban aikin masanin kimiyya shi ne ya samo bayani: ya auna, ya gwada, ya rubuta a littafinsa. Yanzu na'urori suna zubo bayanai fiye da abin da idon mutum zai iya bi, wahalar ta koma wajen tace su da fitar da ma'ana daga cikinsu. Tsarin gadon halittar ɗan Adam, wanda aka sanar da kammala karanta mafi yawansa a shekarar 2003, yana da haruffa kimanin biliyan uku. Babu mai zama da fensir ya nemo inda harafi ɗaya ya saɓa a cikinsu. A watan Maris na 2020, cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na Nijeriya, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, haifaffen Kamaru, ta fitar da tsarin gadon ƙwayar cutar korona na farko da aka karanta a Afirka. Rabin wannan aiki a ɗakin gwaji aka yi shi, ɗaya rabin kuma a kan kwamfuta, inda aka harhaɗa gutsattsarin da na'ura ta karanto har suka zama jeri guda mai haruffa kimanin dubu 30, aka kuma kwatanta shi da na sauran ƙasashe.

Lambar yabo ta Nobel ta shekarar 2024 ta ƙara fito da al'amarin fili. Rabin kyautar kimiyyar sinadarai ya tafi ga Demis Hassabis da John Jumper saboda manhajar AlphaFold, wadda ke hasashen siffar furotin daga jerin sinadaran da suka gina shi. Hassabis ya yi digirin farko a ilimin kwamfuta a Cambridge, daga baya ya yi digirin digirgir a kimiyyar ƙwaƙwalwa a Landan. Jumper ya fara da fizik da lissafi, ya ƙare da digirin digirgir a kimiyyar sinadarai. Matsalar da ta gagari masana shekaru kusan hamsin, a hannun masu ƙafa biyu ta warware.

Ba sai an je Turai ko Amurka ba kafin a ga wannan buƙata. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya addabi yankin Sahel, kuma sunanta ma haɗi ne na noma da ruwa da yanayi. A birnin ne kuma cibiyar ACMAD mai kula da harkar yanayi ta Afirka take. Hasashen damina da waɗannan cibiyoyi ke fitarwa kowace shekara, game da lokacin faɗuwar ruwa da tsawon rashinsa a tsakiyar damina da barazanar ambaliya, ana gina shi ne daga hotunan tauraron ɗan Adam da alƙaluman tashoshin awon ruwa da lissafin da kwamfuta ke yi. Manomin gero da ya yi shuka da ruwan farko, sannan sama ta ɗauke har mako uku, ya yi asarar iri da ƙarfi. Wanda zai iya gyara hasashen da zai hana wannan asara dole ya san yadda iska da zafi da raɓa suke aiki a sararin Sahel, dole kuma ya iya rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi ta tace alƙaluman shekaru arba'in.

A nan wani zai ce ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: masanin kimiyya ya yi nasa, masanin kwamfuta ya yi nasa, su haɗa kai. Haka ne, kuma haka ake yi. Matsalar ita ce kurakurai mafiya muni a tsakanin su biyun suke faɗawa, a gurbin da kowa yake zaton ɗan'uwansa ne ke tsaronsa. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da alƙalumanta da ma'aunin Ingilishi, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukar su a matsayin ma'aunin mita. Kowace manhaja ta yi aikinta daidai, kumbon kuwa ya salwanta. A kimiyyar halittu an ga irin wannan: manhajar Excel takan ga sunan ƙwayar gado irin su SEPT2 ko MARCH1 ta ɗauka kwanan wata ne, ta juya shi zuwa 2 ga Satumba ko 1 ga Maris. Wani nazari da aka buga a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel. Abin ya kai har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wa wasunsu suna don kawai su tsira daga manhajar. Wannan shi ne sakamakon kimiyyar da ba ta san halin kayan aikinta ba.

Akasin haka ma yana faruwa. A 2008 kamfanin Google ya ƙaddamar da wani tsari na hasashen yaɗuwar mura daga kalmomin da mutane ke nema a intanet. Da farko ya burge duniya. A farkon 2013 sai ya yi hasashen da ya kusa ninka abin da hukumar lafiya ta Amurka ta ƙidaya, a 2015 kuma aka daina wallafa shi. Daga cikin dalilan akwai cewa mutum yana iya neman labarin mura don ya ji ana ta maganarta, alhali lafiyarsa ƙalau. Kwamfuta tana gano abubuwan da ke tafiya tare, amma sanin wanne ne ya haifar da wanne aikin wanda ya san fannin ne. Mai digirin haɗaka shi ne mutumin da ake ajiyewa a wannan gurbi na tsakiya, mai jin yaren kowane ɓangare.

Duk da haka, hujjojin masu adawa ba na yarwa ba ne. Ta farko ita ce ta zurfi: wanda ya raba shekara uku biyu zai fito bai ƙware a ko ɗaya ba, ga shi ba masanin sinadarai ba, ga shi ba gwanin manhaja ba. Wannan yana faruwa, musamman inda jami'a ta ɗebo darussa daga sassa biyu ta zuba su a jadawali ɗaya ba tare da ta ɗinke su ba. Ɗalibi ya wuni yana gudu tsakanin gini biyu, lacca ta ci karo da lacca, jarrabawa ta faɗo rana ɗaya, kowane sashe kuma yana kallonsa a matsayin baƙo. Irin wannan haɗaka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai laifin na tsari ne. Fannonin biyu suna da ginshiƙi ɗaya, wato lissafi da ƙididdiga. Aljabara da lissafin sauyi da ilimin yiwuwa, da ɗalibin fizik da na kwamfuta duk suna karanta su. In an tsara manhajar karatu da hankali, ana koyar da su sau ɗaya su yi wa ɓangarorin biyu aiki, abin da ake sarayarwa kuma ya ragu ƙwarai. Ban da haka, digirin farko ko na fanni ɗaya ne ba ya mai da mutum ƙwararre. Ƙwarewa a digiri na biyu da na uku da wurin aiki ake samun ta, kuma cibiyoyi irin su AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 ta kuma yi rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, ɗaliban da suka iya lissafi da sarrafa kwamfuta suke nema.

Hujja ta biyu ta kayan aiki ce. Ina amfanin karatun kwamfuta inda wuta ba ta tsayawa? Mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take turowa, birane suka shiga duhu. Intanet ma tana da tsada ga aljihun ɗalibi. Amma in aka auna da idon basira, wannan hujja haɗakar take goyon baya. Na'urar karanta ƙwayoyin gado ko babban madubin ƙara girma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin sassan jami'a, sinadaran gwaji kuma suna ƙarewa a sake saye. Harsunan sarrafa kwamfuta irin su Python da R kyauta ne, suna aiki a tsohuwar kwamfutar hannu, kuma in an sauke su ba sa buƙatar intanet. Hotunan tauraron Landsat kyauta ake ba da su tun 2008. Alƙaluman ruwan sama na CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981, kowa yana iya ɗauka. Rumbun GenBank a buɗe yake. Ɗalibi a Damagaram da kwamfuta ɗaya da ƙaramin faifan sola yana iya nazarin yadda damina ta sauya a yankinsu cikin shekaru arba'in, da irin bayanan da takwaransa na Faransa yake amfani da su. A ƙasar da ɗakin gwaji yake da tsada, kwamfuta ce ɗakin gwaji mafi araha.

Hujja ta uku sabuwa ce: tunda manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara rubuta umarnin kwamfuta da kansu, me ya rage wa mai koyo? Abin da ya rage shi ne mafi wuya. Waɗannan manhajoji suna ba da amsar kuskure da irin ƙarfin halin da suke ba da ta daidai. Wanda bai san fannin ba ba zai gane cewa sakamakon ya saɓa wa hankali ba, wanda bai san kwamfuta ba kuma ba zai gano inda aka kauce ba. Gwargwadon yadda rubuta umarni yake yin sauƙi, gwargwadon yadda darajar mai iya tantance shi take ƙaruwa.

Hujja ta huɗu ta neman aiki ce, kuma ita ce ta fi nauyi. Gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati takan nemi takarda mai sunan fanni ɗaya, mai tantance takardu kuma yana iya ajiye wadda bai gane sunanta ba. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyan jami'o'i da ma'aikatun ilimi: su rubuta sunan digirin a fili, su kuma sanya shi cikin jerin takardun da ake karɓa. Kafin a kai ga haka, ɗalibi mai hankali zai binciki matsayin takardar tun bai yi rajista ba.

Daga waɗannan hujjoji ana iya fitar da sharuɗɗan da in babu su haɗakar ba ta da amfani. Na farko, ɗalibi ya kasance ba ya tsoron lissafi, domin wanda ya shigo don ya ji ana cewa kwamfuta tana kawo kuɗi, a zango na biyu yake gajiya. Na biyu, ya san inda gidansa yake: fanni ɗaya ya zama shi ne mai kawo tambaya, ɗayan ya zama mai taimakawa wajen amsa ta. Na uku, ya kama tushe, wato tsarin warware matsala mataki-mataki da tsarin adana bayanai da ƙididdiga, domin manhajoji suna tsufa cikin ƴan shekaru, tushen kuwa yana nan. Na huɗu, kundin kammala karatunsa ya tsaya a mahaɗar fannonin biyu, da malami daga kowane sashe, a kan matsala ta gida: yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a wata gunduma, ko zurfin ruwan rijiyoyi, ko tafiyar fara.

Ɗaliban Hausa suna iya zaton wannan magana ta wasu ce. Ta shafe su kai tsaye, domin nazarin harshe kimiyya ne: ana tattara bayanai, a fitar da ƙa'ida, a gwada ta a ga ko ta tsaya. Kuma babu fannin da kwamfuta ta kutsa cikinsa a ƴan shekarun nan kamar harshe. Tun a ƙarshen 2013 Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara, ƙungiyoyi irin su Masakhane kuma suna ta aikin gina wa harsunan Afirka kayan aiki. Amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gado" ɗaya ce a takarda, ko na kwanciya ake nufi ko wanda magada ke rabawa. Haka "kuka" da "wuya" da "gari". Masu rubutu a waya sukan yar da ƙugiyar haruffa, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". Abin da ake rubutawa da ƴ a Nijar, a Nijeriya da 'y aka saba rubuta shi, a wurin kwamfuta kuwa waɗannan abubuwa biyu ne daban sai an gaya mata. Ga ɗimbin hanyoyin gina jam'i, ga ajin aikatau bakwai da Parsons ya tsara, ga bambancin karin harshe tsakanin Kananci da Sakkwatanci da Arewanci da Hausar zangon Kumasi, ga kuma taskar rubutun ajami da har yanzu mafi yawanta ba ta shiga na'ura ba. Injiniyan da bai karanci tsarin sauti da ƙirar kalma ba ba zai ma san waɗannan ramuka suna nan ba. Masanin Hausa da bai iya sarrafa bayanai ba kuwa, iyakarsa ya tsaya gefe yana ƙorafin cewa na'ura ta ɓata harshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya hawa rufin kafin ya toshe.

A shekarar 2025 kundin da mahukuntan Nijar suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Irin wannan matsayi yana zuwa da ɗawainiya: ƙamus na zamani, manhajar gyaran rubutu, fassarar takardun hukuma, littattafan makaranta, kalmomin fannoni. Kowanne daga cikinsu yana neman mutumin da ya san harshen ya kuma san na'ura. Amma tsarin rukuni-rukuni na sakandare yana raba yara tun suna ƙanana, ɗan rukunin A ya yi nisa da lissafi, ɗan C da D ya yi nisa da nazarin harshe. Jami'ar da take son cike wannan giɓi sai ta yi wa ɗaliban harshe gada: darasin ƙididdiga da na rubuta umarni tun daga tushe, cikin nauyin makinsu na digiri. Ta kuma bar ɗalibin kwamfuta ya ɗauki tsarin sauti da ginin jimlar Hausa a lissafa masa. Wannan ba ya buƙatar sabon gini, buƙatarsa shugabannin sassa biyu su zauna su daidaita jadawali.

Mutumin da babbar jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992 ya isa misali. Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin fizik ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a binciken makamashin rana, tun zamanin da mutane ƙalilan ne suke ganin amfaninsa. Shi ne kuma ya wallafa littafi a 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya yi kira a koyar da yara da harsunansu. Bai ga sanin zafin rana da damuwa da harshen koyarwa a matsayin abubuwan da ba sa haɗuwa a ƙwaƙwalwa ɗaya ba. Ya duba abin da ƙasarsa take da shi da abin da ta rasa, ya nemi ilimin da ya dace da su.

Digirin haɗaka ba na kowa ba ne. Za a ci gaba da buƙatar likitan da ya ba likitanci dukkan ransa, da masanin adabi da ya ƙare rayuwarsa a kan waƙa. Amma yaro ko yarinyar da ke son sanin dalilin da ya sa damina take makara, ko yadda cuta take ratsa gari, ko yadda za a koya wa na'ura bambanta gadon kwana da gadon mamaci, bai kamata a tilasta masa ya ajiye rabin kayan aikinsa a ƙofar jami'a ba. Iyaye su bar shi ya ɗauki biyun in ya cika sharuɗɗan, jami'a ta ɗinke masa darussan, hukuma kuma ta karɓi takardarsa ranar da ya kawo ta.